Fata Ko Katako

...kuma ba tsufa ba ne, kar ki ce mini tsufa ne, Malama. Zafi ne. Wa zai ja gira ta miƙe a wannan zafin, rana tsaka, kwanon rufi sai ƙas-ƙas yake a kanmu? Na goge, na sake ja, ta sake karkacewa. Sau uku ke nan. Shekara talatin da shida ina zana fuskar nan — farar hoda, ja a kumatu, baƙi a gira — ko ido a rufe ina yi, yau kuma hannuna ya ga damar yi mini rawa. To ya yi ta yi. Ba da hannu ake rera kiran bakin kogi na wasan nan ba.

Da maƙogwaro ake yi. Shi kuma maƙogwaron...

Bari dai in ƙarasa girar tukuna.

Kin san inda muke? Kin sani mana, ke da kike biye da ni. Zauren majiɓinci, abin bautar ƙauyen nan na gaɓar Kogin Hau, mai jajayen ginshiƙai. An gama girbi, an gasa alade tun safe, an jera shinkafa mai danƙo a faifai, dattawa sun gama durƙusonsu gaban teburin turare. Saura mu, 'yan wasan kwaikwayo. Kuma har yau sun ƙi lasifika, kin ji taurin kai. Ko'ina an saka, har ƙauyukan da wutarsu ba ta kai kwana biyu a mako, amma tsofaffin nan sun kafe wai majiɓinci ba ya sauraron ƙarfe, muryar ɗan Adam yake so zalla. To ga ni, zan ba shi abin da ya rage.

Ta tsagar labule ina hango Baba Khiem. Ya zauna gefen dandamali, babbar gangar ƙauye a gabansa, an yaye mata jan ƙyallenta. Ba makaɗinmu ba ne shi, ba ya shiga kwalekwalenmu, ba ya cin tukunyarmu. Kunnen ƙauye ne. Ka yi abin kirki ya daki fata — dum — kowa ya ji an yaba maka. Ka kwafsa ya daki katakon gefe — ƙwas. Ɗaya gargaɗi ne. Uku a jere, ka sauka ke nan, ka durƙusa gaban majiɓinci ka nemi gafara da kwalliyarka a fuska, kuma kafin ku kai gari na gaba labari ya riga ku isa. Ni Lanh, ban taɓa jin katako a kaina ba. Ko sau ɗaya. Yau kuwa tsoro nake ji, Malama. Tsoro. Na faɗa, hankalinki ya kwanta?

Da asuba na zagaya bayan zaure inda suke jera randunan tarar ruwan sama. Na sami wadda babu komai ciki, na duba ba kowa, na zura kai, na ɗauki kiran. Ya hau... ya hau... ya kai daidai inda ya kamata ya buɗe — ya tsage. Iska kawai, da wani ɗan kuka kamar kaza ta shaƙe. Na sake. Haka dai. Likitan nan na birnin Can Tho ya ce wasu 'yan ƙulli ne suka fito mini a jijiyar murya, wai in yi shiru wata shida. Wata shida! Na ce masa lokacin bukukuwa ne, ya ce shi bai san wannan ba. Na ce na ga alama.

Randa...

Ina 'yar shekara tara, tsawona bai kai bakin randa ba, kin ɗora ni a kan 'yar kujera, kin danna kaina ciki. "Ji kanki. Abin da kike so mutane su zauna su saurara ke nan?" Daga randa sai kogi. Ki tsayar da ni cikin ruwa iya ƙugu, ki haye ɗaya gaɓar, ki zauna ƙarƙashin kwakwa kina taunar ganyen nan naki mai rina baki ja. In kin ji ni, ki ɗaga malafa. In ba ki ji ba... rana ta take, ƙafata ta yi fari fat a cikin laka, malafa tana nan daram a kanki. Wata huɗu muryata ta dushe ɗif, na yi ta kuka na ce na lalace, kika ce yanzu ma aka fara, sai ta yarinta ta mutu ta gaske take fitowa. Ta kuwa fito. Ranar da malafar nan ta tashi sama ban iya cin abinci ba don murna. Malama Diep ta ɗaga mini malafa! Har kare na gaya wa a hanya.

Ga Tuyen nan da kofin ruwan citta.

Ta ajiye ba ƙara, kamar kullum. Ta miƙe gashin tsuntsun da ke kan hula, ta tambaya ko ta ɗaure mini ɗamara yanzu ko sai an busa algaita. Na ce ta bari. Ta bari. Ɗalibata ce, shekara goma sha huɗu a hannuna. Yanzu ta kai talatin da biyar, 'ya'yanta biyu suna wurin uwar mijinta, kuma har yau baiwa take fitowa, baiwa mai riƙe laima: ta shigo, ta faɗi maganarta guda, ta fita. Ta iya kiran. Ni na koya mata, a randa, a kogi, da tsumagiya irin taki. Ta iya fiye da yadda na so ta iya. Kuma ba ta taɓa tambaya ba — abin da ke cina ke nan. Da za ta buɗe baki sau ɗaya ta ce Goggo, ni fa yaushe, da na sami abin da zan wanke ta a kai. Ina! Sai ladabi, sai citta. Wani lokaci ji nake kamar in watsa mata kofin.

Shi kuwa Sang mai goge, jiya a kwalekwale yake lallaɓowa wai ko ya ɗan sassauto da tsirkiya don muryata ta kai, ba wanda zai gane. Na ce in hannunsa ya gaji ya koma jefa fatsa, dama can ya fi kama da masunci. Aka yi dariya. Ba wanda zai gane! Baba Khiem fa? Mutumin da yake bayan ubansa a tsaye, yana riƙe masa tawul, ranar da...

Ai nan ne. Wannan zauren, waɗannan ginshiƙan.

Kina da shekaruna na yau. Uban Baba Khiem ne a kan ganga, ni ce mai laima. Aka zo wurin: matar sarkin yaƙi ta iso bakin kogin da aka karkashe mijinta da rundunarsa, ta tsaya ta kira su su dawo gida. Sau uku, kowanne ya fi wanda ya gabace shi tsawo. In wannan bai fita ba, ba a yi wasa ba, an dai sa kaya an yi tsalle. Wane gida ne a gaɓar nan babu wanda ya tafi bai dawo ba? Ba mijin matar suke ji ana kira ba, nasu suke ji.

Kika ɗauka. Ya hau. Ya tsage.

Tsohon ya ɗaga sanda, na ga ta karkata wajen katako. Ina bayan labule. Na ɗauka daga inda ya karye miki.

Haka nake ba da labarin shekara da shekaru: na rufa wa malamata asiri. Duk wanda ya shigo sana'ar nan ya ji shi, har ana cewa a yi koyi da Lanh. Amma ke kin gani. Taku ɗaya. Na yi taku ɗaya gaba, na ture labulen da kafaɗa, daidai yadda hasken ƙofa zai sami fuskata. Wa ya aike ni? Ba kowa. Shekarata ashirin da biyu, na gaji da riƙe laima, shi ke nan. Ganga ta ɗauka, fata, fata, fata, zaure ya juyo gaba ɗaya — ba wajenki ba. Kina tsakiyar dandamali, hannu a sama, baki a buɗe, ba mai kallonki. Ni kuma daɗi nake ji. Kar in yi miki ƙarya yau, daɗi na ji har cikin ƙashina.

Da aka tashi kika kwance hular da kanki, kika ɗora mini a cinya.

"Kin iya."

Iyakar abin da kika ce. Shekara goma sha bakwai kina sayar da shinkafa naɗe cikin ganyen ayaba a mashigar jirgin fito. Sau ɗaya na je. Na tsaya gabanki da takalmin Saigon a ƙafata, na ce Malama. Kika ɗago kika dube ni irin duban da ake yi wa kowane fasinja.

"Mai ayaba ko mai wake?"

Na karɓi mai wake. Ban sake komawa ba. Da aka aiko kin rasu ina da wasa a wani gari, na ce ba zan iya barin mutane ba. Da na so da na iya. Kunya ce ta hana ni, tana nan kuma ba inda ta je.

Shi ya sa da kika fara zuwa ban yi mamaki ba. Shekara uku ke nan. Na ɗauki kiran, na ji ya soma rawa a can sama, na ce yau ta ƙare — sai wata murya ta shigo ta ƙarƙashin tawa, ta bayan kunnena, ta tallabe ta. Siririya da farko, kamar zare. Tsigar jikina ta tashi. Irin jan numfashinki, irin lanƙwasar nan da kike yi wa ƙarshe kafin ki sake shi. Muryar matacciya a bayana, ni kuma ina ta ɗaga hannu ina karɓar yabo. Bara ta ƙara ƙarfi. Bana rabin kiran naki ne, na sani. A randa ba kya zuwa, a kogi ba kya zuwa, sai a dandamali. Wa zan gaya wa? A ce Goggo Lanh ta fara taɓuwa? Sai dai in ƙara tsinken turare guda gaban gunkin Kakan sana'a da 'yan wasa ke girmamawa, in ce wannan na Malama ne.

Nakan ce kin yafe. Wanda bai yafe ba zai zo ya tallabi mutum? Har barci nake samu in na tuna haka. Wani lokaci kuma zuciyata ta ce a'a, Lanh, jira take. Ƙauyen nan sau ɗaya a shekara uku suke kiran wasa, tun da kika fara zuwa ba mu tako nan ba sai yau. Ko kiwona kike, ki kawo ni har gaban ginshiƙan nan, sannan ki zare hannu a tsakiya in ɗanɗana? In haka ne ba ki yi laifi ba. Amma ki faɗa mini mana... za ki zo?

Algaita.

Tuyen ta ja ɗamarar, na ce ta ƙara ja, ta ƙara. Ta ɗora hula. Nauyi. Da can haka take da nauyi? Ta ce hannuna da sanyi, na ce ta ji da laimarta.

Ƙafar dama tukuna. Haske, hayaƙi, fuskoki. Tsofaffin mata a gaba kan tabarma, mafici na tashi yana sauka. Dum — ya yaba shigowata. Na gode, Baba. Hannun riga, juyi, tsayuwa. Jiki dai bai manta ba, jiki bawa ne. Magana tana fita, a ƙasa-ƙasa ba matsala, har da 'yar tsatsar nan da mutane ke so, suna cewa baƙin ciki ne. Ba baƙin ciki ba ne, ƙulli ne. Dum, dum. Hayaƙin turaren nan wa ya ce su kunna shi dami guda? Yana shigar mini. Kar ki yi tari. Haɗiye. Zufa tana bi ta ƙarƙashin hoda, girar hagu za ta zubo...

Ruwa iya ƙugu, malafa a can nesa...

A'a. Nan. Nan nake.

Ɗan aike ya faɗi labarin yaƙi, ya fita. Na faɗi, na tashi. Dum. Wata tsohuwa ta fara share ido tun yanzu, ki dakata Inna, ba a zo wurin ba tukuna. Tuyen ta shigo, ta buɗe laima a kaina. "Uwargida, mu koma, ruwa yana tasowa." Na kore ta da hannun riga yadda wasan ya ce. Ta rusuna, ta fita. Yanzu ni kaɗai.

Taku uku da baya, zuwa gaban ƙyallen da aka zana kogi a jiki. Ɗaya. Sang ya ja gogen, bai sassauto ba, ɗan halak, ya bar shi can sama inda na ce. Biyu. Mafici duk sun tsaya. Baba Khiem ya ɗaga sanda, ya riƙe ta a iska, ba ta ga fata ba ta ga katako. Uku. Numfashi daga ƙasan cibiya, kafaɗa kar ta motsa, buɗe bayan maƙogwaro...

Malama. Don girman randar nan.

Na buɗe baki.

Babu.

Ba tsagewa ba ma, babu. Ko kukan kazar na safe. Iska ce take fita, ina jin ta a haƙorana, bakina a wangale gaban mutum ɗari uku —

— kuma kiran yana tashi.

Cikakke. Daga tushe har sama, ba rawa, ba tsatsa, ya cika zaure, ya fita ta ƙofa, na rantse ya haye kogin. Kin zo. Kin zo, ba ki sake ni ba, a nan ɗin ma, gaban ginshiƙan nan. Duka kika ɗauka. Idona ya kawo ruwa, ginshiƙai suna lilo, na yi baya taku guda da ba ya cikin wasan, bayana ya jingina da ƙyallen...

Mutum.

Akwai mutum a bayan ƙyallen.

Ɗumi. Ƙirji ne, yana karkarwa a tsakiyar bayana, haƙarƙari yana buɗewa yana rufewa. Warin man zafi da zufa. Tafin hannu ya dafa ƙuguna ta cikin ƙyalle, ya tsayar da ni, ya mayar da ni kan ƙafafuna a hankali, kuma muryar ba ta ko girgiza ba, ta kai ƙarshe, ta yi lanƙwasar, ta saki. Lanƙwasar da na koyar da tsumagiya. Matattu ba su da ɗumi, Malama. Matattu ba sa shafa man zafi.

"Goggo, ɗaga hannu." Can ƙasa, daidai kunnena. "Saura biyu."

Hannuna ya ɗagu da kansa.

Shekara uku. Takan fita da laima ta dama, ta zagaya, ta matse tsakanin ƙyalle da bango inda ko kyanwa ba ta so, inda ba haske, ba mai ganin ko yatsanta. Sannan ta dawo ta kwance mini hula ta ce Goggo yau kin kashe su. Ni kuma in ce ta kula, haka ake yi. Haka ake yi! Sang ya sunkuyar da kai kan gogensa, ya ƙi dubana. Mai algaita yana kallon rufi. Sun sani. Dukansu, har mai dafa mana abinci. Na zagi Sang a kwalekwale suka yi mini dariya, ashe ba shi suke... Wayyo ni Lanh.

Baba Khiem bai buga ba tukuna. Sanda tana sama. Ba ni yake kallo ba, ƙyallen yake kallo, daidai kafaɗata. Kunnen ƙauye. Ya san daga inda murya ke fitowa, tun yana riƙe tawul ya sani. Ya juyo da ido kaina. Ya daɗe. Buga katakon, Baba, buga mana, na cancanta, uku a jere in sauka in huta —

Dum. Dum. Dum.

Fata. Wa ka yaba? Ita? Ni? Ko tausayi ne, irin wanda ake yi wa tsohuwar da ta zubar da miya a gaban baƙi?

To ke fa, Malama?

Ba ki zo ba. Ba ki taɓa zuwa ba. Turaren da na yi ta ƙonawa, barcin da na yi ta samu... ba wanda ya yafe mini komai. Kina can inda kike, kin yi gum kamar yadda kika yi shekara goma sha bakwai. Da wa nake magana tun safe? Da wa nake magana shekara uku?

Ni na yi taku ɗaya don a ga fuskata. Ita ta shiga bayan ƙyalle don kar a ga tata. Hannu ɗaya ya koyar da mu, ta hannuna ya bi ya isa gare ta, a ina ta samo wannan? Ba ni na koya mata ba. Ba ni da shi.

Gogen ya zagayo. Kira na biyu, ya fi na farko tsawo. Ina jin ta a bayana tana cika ƙirji, a hankali, kafaɗa ba ta motsi. Tana jiran in buɗe baki ta sa muryarta a ciki. In na buɗe, an wuce lafiya, a gaban majiɓinci, da ƙarya, har a kai shekara ta huɗu, ta biyar, har tata ma ta tsufa a bayan ƙyalle. In na rufe, in na kama bakin ƙyallen nan na ja shi gefe... haske zai faɗa kanta, zaure ya juya, ni kuma in tsaya a tsakiya hannu a sama, ba mai kallona. Na san yadda wannan yake. Na gan shi daga ɗaya gefen.

Ƙyallen yana taɓa yatsuna. Kaushi gare shi, fenti ya bushe a jiki.

Na gaji, Malama. Hular nan ta yi mini nauyi.

Sang ya ɗaga gira, yanzu ne, yanzu... ta ja numfashin ƙarshe... leɓɓana sun rabu kaɗan, ban san ko ni na raba su ba... yatsuna sun kama ƙyallen, sun riƙe, ba su ja ba, ba su saki ba...